Bakwai Sau Takwas: Ku Dawo Mini da Ajina na Asabar

Zuwa ga Alhaji Tanimu, Shugaban Kwamitin Iyayen Yara na makarantar firamaren layinmu da ke Unguwar Mu'azu, Kaduna, da sauran 'yan kwamiti, da dukan iyayen da ke cikin guruf ɗin makaranta a waya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Maƙwabtanmu Kirista da 'ya'yansu ke wannan makaranta, ku ma ina gaishe ku da girmamawa.

Alhaji, bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya kai da iyali, da kasuwa, da ɗawainiyar jama'a da aka ɗora maka. Ni ne Malam Iro, tsohon malamin lissafi, wanda ke ɗaukar 'yan aji biyar da shida darasin Asabar a makarantarku tun bayan da na yi ritaya, ba tare da na taɓa karɓar komai ba. Ni ne kuma tsohon nan na cikin bidiyo, wanda kuka dakatar makonni uku da suka wuce.

Na so a ce maganar nan ta tsaya tsakanina da kai. Na je shagonka a Trikania don haka, ba ta yiwu ba. Tun da a gaban jama'a aka yi mini dariya, a gaban jama'a kuma aka yanke mini hukunci, to a gabansu zan ba da amsa. Da hannuna na rubuta wannan takarda, kwana huɗu ina yi don hannun yana rawa, sannan na kai aka buga mini a shagon buga takardu na bakin titi. Ina roƙon duk wanda ya fara karantawa ya daure ya kai ƙarshe. Rashin kaiwa ƙarshe ne ya jawo mana wannan duka.

Na farko, ga abin da ya faru.

Ran nan da hantsi ina aji da yara. Na ba su lissafin mai kayan miya: ta kasa tumatir kashi bakwai, kowane kashi da tumatir takwas, nawa ke kan tirenta? Na rubuta a allo da manyan haruffa cewa bakwai sau takwas hamsin da huɗu ne. Na ja layi biyu a ƙarƙashi. Na juya wa allon baya, na dogara da sandata, na yi shiru.

A daidai lokacin wani uba ya zo ɗaukar 'yarsa, don suna da biki a Kamazou. Ya leƙo ta taga, ya ga allon, ya ga tsoho yana tsaye yana kallon rufi kamar wanda ya manta inda yake. Ya ɗaga waya ya ɗauka. Mai keke napep na jiransa a waje, sai ya kira 'yarsa suka tafi. Bai ga abin da ya biyo baya ba. Da ya isa inda zai je, ya tura bidiyon cikin guruf ɗinku, ya tambaya ko wannan daidai ne.

Ba zan ambaci sunansa ba, kuma ban riƙe shi a rai ba. Uba ne ya ga abin da ya tsorata shi, ya yi tambaya. Tambayar tasa ma mai kyau ce. Abin da ya ɓace shi ne wanda zai tako ƙafa ya kawo mini ita. Daga ƙofar makaranta zuwa gidana, ni da nake jan ƙafa ma ba na yin minti goma.

Kafin La'asar bidiyon ya bar guruf ɗinku. Wani ya sa masa sautin dariya, ya rubuta a kansa cewa ga irin waɗanda ke koyar da 'ya'yanku. Wayewar garin Lahadi ya shiga manyan shafukan sada zumunta, inda ba wanda ya san ni. Na zauna na karanta abin da mutane suka rubuta, duka, da tabarau da gilashin ƙara girman rubutu. Wani ya ce sayen takardar malanta na yi. Wani ya ce irinmu ne muka kashe ƙasar nan. Wani ya rantse da Allah ya san ni, a wata jiha nake, har ya faɗi sunan garin da ban taɓa takawa ba. Wata baiwar Allah ta ce a ji tausayina, wataƙila yunwa ce. Ita ce ta fi ba ni haushi.

Ranar Laraba kwamitinku ya sanar a guruf cewa an dakatar da darasin Asabar har sai an samu malamin da ya dace. Ni ba na cikin guruf ɗin, don ba ni da ɗa a makarantar. Ba wanda ya aiko mini da takarda, ba wanda ya kira ni. Asabar ta zagayo na yi wanka, na sa farar rigata, na ɗauki allina, na zo na tarar da kwaɗo a ƙofar aji. Maigadi ne ya gaya mini, yana kallon ƙasa. Shi ya fi ku duka jin kunya, alhali ba shi ya yi ba.

Na biyu, hamsin da huɗun nan da gangan na rubuta ta.

Bakwai sau takwas hamsin da shida ne. Na san haka tun kafin a haifi kowane ɗayanku. Abin da kuka gani a allo hanya ce ta koyarwa da na ɗauko daga kwalejin horon malamai, inda na samu takardar malanta mai daraja ta biyu. Malamin da ya koya mana dabarun koyarwa yakan ce mana yaron da ya iya kwafe allo kawai bai koyi komai ba, hannunsa ne ya yi aiki. Sai ya koya mana mu riƙa dasa kuskure ɗaya a cikin aiki, mu juya baya, mu jira. Kada mu yi tari, kada mu kalli allon, kada mu taimaka. Mu jira har wani yaro ya ji a jikinsa cewa wani abu bai zauna daidai ba.

Yaran ajina suna kiran abin tarkon Malam. Ku tambaye su yau, kowa ya san shi. Yana da ƙa'ida. Wanda ya gano ba ya ihu daga benci. Zai miƙe tsaye, ya ce Malam akwai kuskure, ya zo gaban aji, in ba shi allin, ya nuna hujjarsa. In ya kasa kawo hujja ya koma ya zauna, ko da gaskiyarsa ce.

Ku iyaye kun san yadda muke rainon 'ya'yanmu. Yaro ba ya kallon idon babba, balle ya ce masa ya yi kuskure. Tarbiyya ce mai kyau, ni ma da ita na tashi, da ita na raini nawa. Amma lissafi ba ya duba furfura. Shekarun da na yi ina koyarwa, abin da ya fi ba ni wahala ba rabawa ba ne, ba sulusi da rubu'i ba ne. Shi ne in samu yaro mai ladabi ya iya tsayawa gaban babba ya ce, cikin ladabin nan nasa, wannan ba daidai ba ne, ga dalili. Shirun da kuka gani ina yi a bidiyo, wanda aka ce ruɗewar tsufa ce, shi ne aikin gaba ɗaya.

Na uku, Alhaji, kai ka san wannan.

Da wani ne shugaban kwamiti da na ce bai sani ba. Amma kai na koyar da kai a aji shida, a tsohuwar makarantar da ke kusa da layin dogo. Kana zama benci na biyu ta wajen taga, kana da ƙaramin tabo a goshi, kana yawan mantuwa da fensir. Wata rana na dasa kuskure a lissafin rabawa, aji ya yi tsit, kai ka miƙe. Ka zo ka karɓi allin ka gyara. Da aka tashi na bi ta rumfar mahaifinka, Allah ya jiƙansa, na gaya masa. Ya yi ta dariya yana cewa ashe Tanimu ya fara gyara wa malamai karatu, har ya ba ni goro.

Da na same ka a shago makon jiya ka karɓe ni da mutunci, ba zan ɓoye ba. Ka ba ni kujerarka, ka sa aka kawo mini ruwan sanyi, ka yi ta kirana Baba. Na tuna maka wannan rana, ka ce ka tuna sarai. Ka ce tun ganin farko ka gane tarko ne. Sai na tambaye ka me ya hana ka faɗa a guruf. Ga amsarka, yadda ta fito daga bakinka:

"Baba, yanzu ba maganar gaskiya ake yi ba, maganar sunan makaranta ake. Ka bari ƙura ta lafa."

Na ce maka to, na tashi. A keke napep ina dawowa na yi ta juya maganar. Yaron da ya iya tsayawa gabana yana ɗan shekara goma sha biyu, yau da gemunsa da jikokinsa ya kasa rubuta layi biyu a waya, don yana tsoron mutanen da ba ya ganin fuskarsu. Ban faɗi wannan don in tozarta ka ba. Na faɗa ne don ni na koyar da kai, ina da hakkin in duba aikinka.

Na huɗu, kada a ce tsoho ne mai ƙin zamani.

Na ji an fara faɗin haka, cewa Malam Iro na jin haushin waya ne don ta fi shi sani. Ta fi ni sani kam, ba gardama. Bari in gaya muku abin da ta yi mini.

Mai ɗakina Asabe ta rasu shekara shida ke nan. 'Yata tana aure a Sakkwato. Ɗana direban babbar mota ne, yau yana Legas gobe yana Maiduguri. Ni kaɗai nake kwana nake tashi a gidan da muka taɓa zama mu bakwai. Wayar da 'yata ta saya mini ce take kawo mini fuskar jikokina kowace Juma'a bayan an sauko masallaci. Ƙaramin cikinsu a waya na ga haƙoransa na farko. In ba don ita ba, da sai in yi kwana biyu ban yi magana da kowa ba sai liman da mai shayi.

Akwai Malama Rifkatu, wadda muka koyar tare shekara da shekaru, ajinta na jikin nawa. Lokacin da garin nan ya rikice mutane suka rarrabu, kowa ya koma inda nasa suke, ita da iyalinta suka tashi zuwa Kamazou. Ba nisa ba ne, amma muka yi shekaru ban san ko tana raye ba. A dandalin tsofaffin malamai na waya muka sake haɗuwa. Ita ce ta fara kirana a kan bidiyon nan. Ta ce tana ganin yadda na juya baya ta san me nake yi, don ita ma haka aka koya mata. Ta rubuta bayani a ƙarƙashin bidiyon har sau uku, ta ce kamar ta zuba ruwa a rairayi, ba wanda ya tanka. Ita ce za ta sa mini wannan wasiƙa a waya.

A wajen karatu ma na amfana. Na ga wata malama a bidiyo, daga wata ƙasa da ban san harshenta ba, tana koyar da rabi da rubu'i ta hanyar ninke takarda. Shekara arba'in ina zana da'ira a allo ina yankawa, ban taɓa tunanin in ba yaro takarda a hannu ya ninke da kansa ba. Na kwaikwaye ta washegari, kuma ta fi tawa hanyar. Akwai yaran ajina da ke duba tsofaffin tambayoyin jarrabawa a wayar iyayensu mata, su zo mini da waɗanda suka gagare su. A zamaninmu littafi ɗaya muke rabawa mu biyar, wanda ya kwana da shi ya kawo da safe. Duk wanda ya ce a raba yaro da wannan taska bai san wahalar da muka sha ba.

Na biyar, ga inda na tsaya.

Na yi aiki a ƙarƙashin soja shekaru masu yawa. Na san lokacin da malami zai rubuta ƙorafi a kan rufin aji da ya yaye, ya karanta, ya yage ya jefa a murhu, don bai san hannun da takardar za ta faɗa ba. Da mulki ya dawo hannun farar hula na yi murna, na bi layi na jefa ƙuri'a da ciwon ƙafata. Da waya ta zo ta ba kowa baki, mai kayan miya da gwamna, na ƙara murna. Har gobe ina kan murnata. Na ga an gyara magudanar ruwan layinmu don matasa sun ɗauki hotonta sun yaɗa. Na ga an tara wa mara lafiya taimako cikin yini guda.

Amma ko a zamanin soja, da aka taɓa kai ƙarata wajen hedimasta, sai da aka kira ni ofis aka karanta mini laifina, aka ce me zan ce. Yau muna cikin 'yanci, kwamitin iyayen unguwarmu, mutanen da muke sahu ɗaya a masallaci, muke haɗuwa a jana'iza da suna, sun zauna kowa a ɗakinsa da wayarsa sun kore ni da ɗan yatsa. Wanda aka kora bai ma san ana zaman ba. Wannan ba laifin waya ba ne. Waya ba ta hana kowa tako ƙafa zuwa gidana ba.

Kuma mu mutanen Kaduna ya kamata mu fi kowa tsoron guntun labari. Mun ga abin da an ce, an ce ya yi wa garin nan tun lokacin da jita-jita ke tafiya da ƙafa. Yanzu a aljihu take kwana. Ba a daɗe ba wani saƙon murya ya zagaya cewa ana faɗa a kan gada, iyaye mata suka fito a guje babu mayafi suna kwashe yara daga makarantu, masu shaguna suka rufe. Daga baya aka ji motoci biyu ne suka gogi juna, direbobi suka yi cacar baki. Ku da kanku kun yi ta Allah wadai da wanda ya tura saƙon. Ga shi kun yi irinsa a kaina. Ni dai tsoho ɗaya ne, ba a rufe shago don ni ba, amma hanyar ɗaya ce: a ga guntu, a ji zafi, a tura.

Abin da ya fi damuna shi ne, abin da nake koya wa 'ya'yanku ran nan shi ne maganin wannan ciwo. Ka ga abu a rubuce da manyan haruffa, babba ne ya rubuta, an ja masa layi biyu, amma ka tsaya ka ƙirga da kanka. Yaron da ya saba yin haka da allo zai yi da waya. Irin darasin da kuka sa wa kwaɗo ke nan.

Uban da ya ɗauki bidiyon ya zo gidana daga baya, in gaya muku. 'Yarsa ce ta yi masa bayani a hanyarsu ta dawowa daga biki. Ya zo da lemo a leda, ya durƙusa, ya ba ni haƙuri har na ji nauyinsa. Ya nuna mini inda ya rubuta a guruf cewa shi ne ya yi kuskure. An sa masa alamar hannu guda biyu ko uku, aka wuce zuwa maganar kuɗin rigar wasanni. Dariyar ta kai garuruwan da ban sani ba, gyaran bai fita daga layinmu ba.

Na shida, kuma wannan ne ya sa na ɗauki biro.

Da a kaina kaɗai abin ya tsaya, wataƙila da na haƙura. Amma bidiyon ya yanke kafin abin da ya fi komai muhimmanci a ranar. Akwai wata yarinya a aji biyar, ba zan faɗi sunanta ba don kada a ɗauke ta ita ma a yaɗa. Marainiya ce, mahaifiyarta na tuyar ƙosai a bakin layi. Shekara guda tana zuwa ajina ban taɓa jin muryarta ba sai a kiran suna. Tana da ƙwaƙwalwa, littafinta ya nuna, amma ko kallonta na yi sai ta sunkuya. Ran nan, bayan mai bidiyo ya tafi, na ji benci ya motsa. Ita ce. Ta ce, da murya kamar ta mai raɗa, Malam akwai kuskure. Ta zo gaba, ta zana kashi bakwai a allo, ta ɗiga takwas takwas a kowanne, ta ƙirga a gaban kowa har hamsin da shida. Aji ya tafa mata. Ni kuwa sai da na juya na goge tabarau.

Shekaranjiya mahaifiyarta ta zo ta same ni a ƙofar gida. Ta ce yara a layi suna ce wa 'yarta ita ta sa aka kori Malam, don ita ta tona masa asiri. Yarinyar ta yarda. Ta daina cin abinci sosai, a makaranta ko an tambaye ta abin da ta sani ba ta amsawa. Uwar ta ce da ta matsa mata, abin da ta faɗa shi ne:

"Ba zan ƙara cewa babba ya yi kuskure ba."

Alhaji, shekara guda na yi ina jiran yarinyar nan ta miƙe. Kun zaunar da ita cikin kwana huɗu. Na aika mata ta bakin uwarta cewa ba laifinta ba ne, amma yaro ba ya yarda da saƙo, abin da ya gani yake yarda da shi. Abin da ta gani shi ne ta yi magana, aka sa kwaɗo. In aka bar ta a haka har ta gama firamare, ba na jin wani malami zai sake tayar da ita. Wannan shi ne sunan makarantar da ya kamata ka ji tsoron ɓacinsa.

Na bakwai, ba zan yi muku ƙarya a kan jikina ba.

Na tsufa. Idona na hagu ya yi yana, na dama ma ya fara. Hannuna na rawa, rubutuna a allo ya daina tafiya a miƙe. Nakan kira yaro da sunan yayansa da na koyar shekara goma baya. Na san akwai ranar da zan rubuta kuskure a allo ba da gangan ba, kuma ina tsoron wannan rana fiye da yadda kuke zato. Na gaya wa Malama Rifkatu tun tuni, in ta ga alama ta faɗa mini ba tare da kara ba, kuma na san za ta faɗa. Iyaye suna da iko su tambaya ko har yanzu na iya. Ban ƙi a gwada ni ba. Abin da na ƙi shi ne a auna shekarun aikina da guntun bidiyon da bai kai tsawon alwala ba. In ranar ta zo, ni zan kawo muku allin da hannuna. Ba ta zo ba tukuna.

Saboda haka ga buƙatuna.

Ɗaya, a sa wannan wasiƙa cikin guruf ɗin iyaye, dukanta, ba a yanke ko layi ba. Duk wanda ya tura bidiyon zuwa wani wuri, ina roƙonsa don Allah ya bi shi da wannan zuwa wurin.

Biyu, a buɗe ajin ranar Asabar mai zuwa. Iyaye su zo da ƙafarsu su zauna a baya. Wanda yake so ya zo da tambayar lissafi daga littafin aji shida, kowace ce, ya ba ni a gaban kowa. Mai son ɗaukata a waya ya ɗauka, da sharaɗi ɗaya: ya fara daga sallama ya tsaya har addu'ar tashi. In na gaza, ba sai kun kore ni ba.

Uku, kai Alhaji da bakinka, ba a waya ba, ka tsaya gaban ajin ka gaya wa yarinyar nan cewa abin da ta yi daidai ne, kuma kai ma ka taɓa yin irinsa. Daga bakinka zai fi shiga, don kai ne mai kwaɗon. Ko da kun ƙi mini sauran duka, wannan kada ku ƙi.

Huɗu, kwamiti ya kafa ƙa'ida cewa ba za a ƙara yanke wa malami ko ɗalibi hukunci a guruf ba sai an kira shi an ji ta bakinsa. Kuma a daina ɗaukar fuskokin yara a aji ana yaɗawa ba da sanin iyayensu ba. A bidiyon nan akwai fuskar 'ya'yan mutane fiye da goma, suna yawo a wayoyin baƙi da sautin dariya a kansu, ba wanda ya yi maganar wannan.

Ban nemi a ba ni haƙuri ba. Ba na buƙatarsa, kuma ba ni da wurin ajiye shi.

Ina sanar da ku tun yanzu don kada a ce na yi ba zata. Ranar Asabar da ƙarfe tara zan zo ƙofar makaranta. In na tarar a buɗe, alhamdu lillahi. In na tarar a rufe ba zan yi rigima da maigadi ba, zan koma gida in shimfiɗa tabarmi a zaurena, in jingina allon katakon da kafinta ya gama mini jiya. Iyaye mata huɗu sun riga sun ce za su turo nasu, uwar yarinyar nan ce ta farko. Zaurena ba shi da kwamiti. Amma na fi son ajin, domin a can aka kunyata yarinyar, a can ya kamata a wanke ta.

Ka ce in bari ƙura ta lafa. Kai kana da lokacin jira, Alhaji, Allah ya ƙara maka. Ni ban san Asabar nawa ta rage mini ba. Kun ɗauki uku, ba zan ba ku ta huɗu ba.

Allah ya yi maka jagora a wannan shugabanci, ya ba ka ƙarfin zuciyar faɗin abin da ka sani. Allah ya yi wa kasuwarka albarka, ya shirya maka zuriya, ya jiƙan mahaifinka da ya damƙa mini kai da hannunsa. Allah ya raya mana yaran nan, namu da na maƙwabtanmu, ya zaunar da Kaduna lafiya. Wanda ya zage ni bai san ni ba, na yafe masa duniya da lahira.

Wassalam.

Malaminka,
Malam Iro
Unguwar Mu'azu, Kaduna